Ƙafa ta Huɗu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Taubashina ya rasu ranar Laraba da hantsi, bayan jinyar da ba ta cika wata biyu ba, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Ubansa da uwata ciki ɗaya suka fito, don haka shekara saba'in da ɗoriya muka yi kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, kuma har ya tafi ba mu daidaita kan wane ne ubangidan wane ba. Yanzu ya bar mini filin ni kaɗai, ban kuwa ga daɗinsa ba.

Kafin mu dawo daga maƙabarta rumfar ƙofar gida ta cika. Masu walda sun rufe rumfunansu sun zo da baƙin hannuwansu. Masu amalanken jaki suka ce babu ƙafar amalanke a Filinge da ba ta taɓa kwana a garejinsa ba. Wani mai injin niƙa daga Bonkuku ya yi ta maimaita cewa shi bai san inda zai nufa ba yanzu in injinsa ya yi tari. Yayar marigayi, tsohuwar da ta zo daga ƙauyensu na wajen Tabla, wadda har yau ba ta saki iskokin gidan ubansu ba, ba ta yi kuka ba. Ta tsaya bakin zaure ta ce, "Tun shina yaro hannunai ba irin na mutane ba na. Ba shi anka yi." Liman ya yi gyaran murya ya ce lalle Allah ne ya ba shi. Tsohuwa ta ce ita ma ai ba ta ambaci sunan kowa ba.

Can gefe, inda inuwar rumfa ta ƙare, ɗalibai shida na lise, babbar sakandaren garinmu, suna tsugune cikin tufafin lakwal. Ba dangi ba ne, ba abokan sana'a ba, babu wanda ya san tabarmar da ta dace da su. Ta bakwai ɗinsu tana cikin gida wajen mata, domin ita jikar marigayi ce, ɗiyar babban ɗansa.

Waɗannan bakwai su ne ƙungiyar robo ta lise, wadda nake kula da ita tun da na aje alli. Robo shi ne injin da ake ƙerawa ya yi tafiya da aiki da kansa. Akwai gasa a Yamai ranar Lahadi, kuma Juma'a ya kamata su kama hanya, ranar sadakar uku ke nan. Babban ɗan, wanda direba ne a tashar Yamai, bai jira na tayar da maganar ba. Ya durƙusa gabana kamar mai karɓar gaisuwa, ya ce da ni Mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, a nan.

"Baba Mushe, ka hwaɗa ma yaranka su ɗauki abin wasansu su tahi. Ɗiyata ba ta zuwa ko'ina sai an yi bakwai. Ba a ce ma gidanga mun bar ƙasa ɗanya bisa tsoho mun tahi kallo."

Amma na san in babu ita babu tafiya, domin ƙafafun robon nan huɗu ita ta zana su, ita ta haɗa su, ita kaɗai ta san halin kowace. Bana ne kuma shekararta ta ƙarshe a lise. Don a gane abin da ake shirin hana ta, dole in faɗi wane ne kakanta.

Bai yi lakwal ba ko na yini ɗaya. Ranar da aka zo ɗibar yara, ni aka kama, shi aka ɓoye shi cikin rumbu, kuma ya sha gaya mini cewa a cikinmu biyu shi ne ya tsira. Ya fara da kekuna, ya koma kan keken ɗinki, injin niƙa, famfon rijiya, duk abin da ke juyawa. In aka kawo masa inji ba ya buɗe shi nan take. Sai ya ɗora bakin turnebis, abin kwance ƙusa, a jikinsa, ya manna kunne a ƙotar, ya lumshe ido kamar mai sauraren ƙarar da aka kawo masa. Bayan garejin ya jera matattun injuna layi layi, ba ya yarda a sayar da ko ɗaya ga masu awon ƙarfe. Yakan ce babu injin da ke mutuwa gaba ɗaya, kullum akwai wani abu a cikinsa da bai ji labari ba.

Shekara biyu da suka wuce aka aiko wa lise akwatin ƙananan injuna da wayoyi da batura, da takardar gayyata zuwa gasar. Aikin shi ne robo ya kwashe ƙwallaye a fili matsattse ya zuba su a kwando kafin lokaci ya cika. Robon da kowa ke yi yana tafiya ne kamar amalanke: in zai je dama, sai ya juya fuska tukuna, kuma a wannan juyin lokaci ke zubewa. Jikar ta gano a waya wani iri da ke tafiya gaba da baya da gefe da karkace, fuskarsa na kallon wuri ɗaya, saboda kowace ƙafa tana karkata kanta inda aka nufa. Ƙafa ɗaya, inji biyu: wani na murza ta, wani na karkata ta. Ta ce shi za mu yi.

Na cika allo da kibiyoyi da kusurwoyi. Lissafi ya fito tsaf, kamar yadda lissafi yakan yi in ba a ce ya ɗauki kaya ba. Muka ɗaura injin murzawa a jikin kowace ƙafa, muka ja masa waya daga batir. Ranar gwaji robo ya yi gefe, yara suka yi sowa. Ya yi karkace, na gyara zaman gilashina. A juyi na huɗu wayoyin suka nannaɗe a wuyan ƙafafun suka tsinke, biyu a lokaci guda, hayaƙi ya tashi. Shekara talatin da biyar ina koyar da ilimin motsi, ban tuna cewa abin da ke juyawa yana jan igiyarsa ba.

Jikar ta saɓi ƙafa ɗaya ta kai wa kakanta, ni ina biye kamar wanda ake kai ƙara. Ya juya ta, ya dubi tsinkakkiyar wayar, ya dube ni.

"Amarya, wa ya koya miki wanga aiki? Bawana?"

"Shi na, Tsoho."

"Na gani. Akuyar da kunka ɗaure ga turke, in tana ta zagaye, mi ka samun igiya?"

"Tana naɗewa."

"To ki bar ɗaure injin ga akuya."

Ya tashi ya je bayan gareji ya ɗauko mataccen mel, injin nan da masu walda ke yankan ƙarfe da shi, ya aje a gabanta da turnebis. Ya ce ta buɗe kansa. Kwana biyu tana zuwa bayan an tashi lakwal tana juya abin. A cikin kan mel akwai ƙarfe biyu masu haƙora da suka haɗu a kusurwa, ɗaya na juyawa a tsaye yana juya ɗan'uwansa a kwance. Rana ta biyu ta ɗaga kai ta ce, ashe ana iya barin injin a sama, a kafe, a saukar da juyin ta sanda a tsakiyar ƙafar, haƙoran nan su karkatar da shi zuwa taya. Ƙafa ta yi ta juyawa har gobe, babu wayar da za ta naɗe. Ya ce, "Kin daɗe, amarya. Da na yi niyyar sakinki."

A ranar na fara lura da hannuwansa. Duk lokacin da yarinyar ke aiki, yana tsaye hannuwa a baya, ɗaya riƙe da wuyan ɗaya. Mutumin da ba ya iya wuce ƙofa mai ƙara bai ɗiga mata mai ba, ga shi yana kallon yara na murɗa ƙusa a karkace yana cizon leɓe. Tun farko ya sa na karanta masa takardar gasar, na fassara masa layi layi. Da na zo inda aka ce robon aikin hannun ɗalibai ne, manya shawara kawai za su bayar, ya ce in sake karantawa. Na sake. Daga nan bai taɓa robon ba, ko da ɗan yatsa.

Ƙafa huɗu na son mel huɗu iri ɗaya. Yana da ɗaya. Masu waldan Filinge suka ba da na biyu, na uku ya zo daga Bonkuku cikin buhun wake. Na huɗu ya gagara, sai da aka ji labarin wani a Sanam. Hanyar Sanam a shekarun nan ba wadda ake bi don shan iska ba ce, amma tsoho ya shiga motar kasuwa bai gaya wa kowa ba, ya dawo da shi ƙunshe a rawani. Da aka buɗe, haƙoransa ba su kai na sauran ukun yawa ba. Ƙafa ta huɗu ta zama mai ra'ayin kanta. In an ce robo ya miƙe, sai ya yi ta zamewa hagu a hankali kamar mai gudun gaisuwa. Wannan kam lissafi ya yi maganinsa: jikar ta ƙirga haƙoran, ta gyara saurin injin a ordinatar, wato kwamfuta, ni kuma na samu abin da zan riƙa tuna wa taubashina.

A kan ƙafar nan muka yi faɗan da ya fi kowane tsawo a rayuwarmu. Bara, saura kwana huɗu gasa, ta fara gurnani. Haƙoran ba su zauna daidai ba, kuma gyaran na son hannun da ya san kaurin gashi. Jikar ta kwance ta ɗaura sau uku, gurnani na nan. Na aiki yaran su sayo ruwa, na ja taubashina gefe.

"Kai bawa, minti goma ne a wurinka. Ka zaunar da haƙoran nan kafin su dawo."

"Takarda tac ce mi?"

"Bar zancen takarda. Kana tsammanin manyan lakwal na Yamai yara ne ke yi musu? Injiniyoyi gare su. Wa zai sani?"

"Ni."

"Shekara guda yaran nan suna wahala."

"Shi ya sa. In na sa hannu, wahalarsu ta zama tawa. Kai da ka riƙa jarrabawa shekara talatin, ɗiya nawa ka rubuta ma amsa don ka ji tausai?"

Na ce masa girman kai ne yake kira gaskiya. Ya ce ni kuma kofin gasa nake so in rataya a falo in ce na yi ritaya da daraja. Dukanmu mun taɓa inda ke ciwo. Yarinyar ta sake kwancewa karo na huɗu, gurnanin ya ragu, aka tafi a haka. A zagaye na biyu ƙafa ta huɗu ta cije. Robo ya tsaya a tsakiyar fili yana zagaye kansa kamar jakin da ƙuda ya shiga wa kunne, ɗaliban Yamai na dariya. Jikar ta ɗauka gyaranta ne ya kunyata su, ni ma haka na ɗauka.

Damina guda ban taka garejinsa ba. In na hango shi a masallaci sai in canza sahu. Ana cikin yankan hatsi ƙafar gilashina ta karye, na yi mako ina karatu da shi ɗaure da zare. Maiɗakina ta ɗauke shi ta kai gareji ban sani ba. Da yamma ya dawo a liƙe da dalma, liƙin da sai ka sa farce kake jin wurin, tare da saƙo: a ce wa Mushe wannan ba aikin ɗalibai ba ne, shi ya sa aka taɓa. Washegari na je. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba. Ya matsa mini a benci, muka ci gaba daga inda muka tsaya.

Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba, domin da ransa ma bai yarda a yi masa ba. Haƙurin nan da ya yi wa jikarsa, ɗansa bai samu ko ƙwaya ba. Na sha zama a garejin lokacin da babban ɗan ke saurayi. Da ya kama sifana, kafin ya murɗa sau biyu uban ya fizge. "Kawo nan, ɓatawa za ka yi." Haka safe, haka yamma, gaban masu kawo gyara. Yaron yana da kunne, ina gani, amma ba a taɓa barinsa ya kai aiki ƙarshe ba. Yana da shekara goma sha tara ya bar garejin ya bi mota, bai sake riƙe sifana gaban ubansa ba. Suna gaisawa da ladabi, irin ladabin da ke tsakanin maƙwabtan da suka taɓa zuwa gaban alƙali.

Mako biyu kafin rasuwarsa na same shi kwance a inuwar gareji, an fito da shi ya sha iska. Yara na ciki suna ta fama da robon bana. Ya saurari ƙarar da ke fitowa, ya ce ƙafa ta huɗu ta zauna. Sai ya dubi tafin hannunsa.

"Mushe, na gyara komi na garinga. Abu guda na ɓata, hannun ɗana. Wanga da ka gani ina yi ma yarinya, bashin ubanta na."

"To ka gaya masa mana."

"Bakina bai iya ba. Kai ad da baki, aikinka ke nan tun da anka kama ka."

Na ɗauka wasan taubasai ne. Ban san wasiyya ba ce.

Ranar Juma'a da safe aka yi addu'ar uku, aka raba waina da goro. A nan ƙasar, in tsoho ya cika da shekaru, jikoki suna da izinin yin wasa da mutuwarsa, su kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa, ba mai tsawata musu. Mutane ba su watse ba sai ga jikar ta fito daga zaure da hularsa mai maiƙo, ta sa rigar aikinsa da ta sauko mata har gwiwa. Ta zagaya rumfa a duƙe, hannuwa a baya. Ta tsaya kan mai injin niƙa na Bonkuku, ta manna kunne a kafaɗarsa, ta ce da muryar tsoho, "Wanga ya gaji, a kai shi baya." Rumfa ta fashe da dariya, har liman. Yayar marigayi a lokacin ne ta fara kuka.

Babban ɗan bai yi dariya ba. Ya tashi ya nufi gareji, na bi shi. Na same shi tsaye kan robon, wanda ke kan benci ƙafafu a sama.

"Ka gani, Baba Mushe? Hannu baya. Ni ban san wanga mutum ba. Wanda na sani ko ƙusa guda bai bari na ƙare ba."

Na gaya masa abin da ubansa ya faɗa, kalma da kalma, ban ƙara gishiri ba, wanda a wurina ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Ya juya mini baya. Daga waje ana jin mata na kwashe kwanoni.

Can ya miƙa hannu ya murza ƙafa ta huɗu, ya saurara. Ya girgiza ta hagu da dama. Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Bara ina kunka aza shi cikin mota?"

Na ce a sama, an ɗaure shi da igiya tsakanin buhuna.

"Bisa mota? Abu mai haƙora kamar na agogo? Hanyag ga da ka kwance ƙusar kujera?" Ya juyo, idonsa ja. "Kuma kunka bar yarinya shekara guda tana cewa ita ta ɓata? Ku da karatunku?"

Ni da na cika allo da kibiyoyi, da tsohon da ke jin ciwon ƙarfe da kunne, babu wanda ya tuna da ramukan da ke tsakanin nan da Baleyara. Direba ne kaɗai zai tuna.

Ya leƙa waje ya kira ɗiyarsa. Ta zo, hular na kanta har yanzu.

"Ki tuɓe kayan tsoho, ki shiga ki yi ma kakarki sallama. Ki ɗauko katihwar ɗakina. Robon gaba za shi zamna, kusa da ni, ke kina riƙe da shi."

"Baba, bakwai ɗin hwa?"

"Baba Mushe na nan. Shi ad da baki, shi amsa ma masu tambaya."

Uwargidan marigayi, daga bayan labulen takaba, ta aiko da ƙullin goro da cewa su tafi, mai gidan da ma ba ya son a taru a kansa ana kallo. Bayan an sauko daga Juma'a motar ta tashi. Na zauna a tabarmar babban ɗan ina karɓar gaisuwa a madadinsa. Masu tambaya sun tambaya, wasu da baki, wasu da ido. Na ce aiken marigayi suka tafi, kuma ban yi ƙarya ba.

Ranar Lahadi bayan azahar wayata ta yi ƙara. Shi ne. Bayansa hayaniya ce da tafi, da ƙyar nake jinsa. Na tambaye shi ko sun ci, ya ce shi bai gane ƙirgarsu ba, an ce akwai sauran zagaye. Ya ce abin ya shiga tsakanin robo biyu a gicciye, kamar an zare shi da zare, wani bature ya durƙusa yana leƙen ƙafafun. Sai muryarsa ta canza.

"Baba Mushe, ka hwaɗa min gaskiya. Duk wanga ita ta yi? Tsoho bai sa hannu ba?"

"Ko ɗan yatsa."

Na ji numfashinsa a wayar, sau biyu, sau uku. Ya ce, "To. Bari in koma, tana nemana," ya kashe.

Allah ya jiƙan taubashina, ya yafe masa abin da ya fizge, ya karɓi abin da ya bari. Ya sanyaya masa ƙasa, ya ba uwargidansa da yayarsa da ɗiyansa haƙurin rashi. Mu da muka rage a benci, Allah ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo. Amin.